Haƙorin da Aka Tono a Togo da Zancen Shekaru Miliyan 46

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne, a unguwar Nima ta birnin Accra a Ghana nake zaune, ina lodi daga Tudu zuwa Aflao, bakin iyakar Togo. Wani fasinja da ke aiki a wurin haƙar fosfat a Togo ya ba ni wani haƙori da ya zama dutse, ya ce a can suke tono irinsu. Na nuna wa 'yata da ke karatun ilimin duwatsu a Jami'ar Ghana da ke Legon. Ta ce a wannan ramin an samu ƙasusuwan wata dabbar teku mai shayarwa, mai ƙafafu, da ta rayu shekaru miliyan 46 da suka wuce. Yayana ya ji, ya ce wannan kafirci ne, duniya shekara dubu bakwai ce, in cire yarinyar daga makaranta tun ba ta fita Musulunci ba. Malam, hankalina ya tashi. Me shari'a ta ce? Kuma na sha yin salla da haƙorin nan a aljihuna, shin sai na rama?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Alhaji, kwantar da hankalinka. 'Yarka ba ta faɗi kafirci ba, ba za ka cire ta daga makaranta ba, kuma babu sallar da za ka rama. Ga dalili.

Abin da ta gaya maka yana da asali. A Kpogame, arewa maso gabas da Lome, inda ake haƙar fosfat ɗin da ake yin takin zamani da shi, an tono haƙora da ƙasusuwa na wata dabba daga dangin babbar dabbar tekun nan da Larabawa ke kira anbar, Asantawa kuma bonsu. A 2014 masana biyu, Philip Gingerich da Henri Cappetta, suka yi bayaninta, suka sa mata suna Togocetus, wato anbar ɗin Togo. Sun ƙiyasta shekarunta tsakanin miliyan 46 da 44. A duwatsun wannan yanki an kuma samu ƙasusuwan dangin ayu, wannan da masunta suka sani a kogin Volta da Neja, wanda ke zaune a ruwa amma yana shayar da ɗansa nono. Duk wanda ya san ayu ba zai yi mamakin a ce dabbar ruwa tana shayarwa ba. A Masar abin ya fi fitowa fili. Akwai wani kwari a hamadar Fayyum, kimanin kilomita 150 daga Alƙahira, ana ce masa Wadil Hitan, inda ɗaruruwan kwarangwal na dangin anbar ke kwance a kan rairayi. A cikinsu akwai Basilosaurus, mai tsawon da ya kai mita 15 ko fiye, da 'yan ƙafafun baya da ba su wuce tsawon hannun mutum ba, amma da gwiwa da yatsu. Akwai ƙananan 'ya'yan wata mai suna Dorudon da suka mutu da haƙoran nono a bakinsu. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2005, kuma yana ƙasar Musulmi, kowa na iya zuwa ya gani da idonsa.

To, ƙashi dai ga shi a hannu, musunsa ba addini ba ne. Abin da ya rage shi ne shekarun, kuma nan ne yayanka ya tsaya.

Ina so ka tambaye shi cikin ladabi, a wace aya ko wane ingantaccen hadisi aka ce duniya shekara dubu bakwai ce. Ba zai samu ba, domin babu. Maganar ta yaɗu a wa'azi da wasu littattafan tarihi, ta hanyar ruwayoyin da ba su inganta ba da labaran Ahlul Kitabi, waɗanda ke lissafa shekarun duniya daga jerin zuriyar da ke cikin littafinsu. Malamanmu sun daɗe da warware ta. Ibnu Hazm, wanda ya rasu a 456 bayan Hijira, ya kawo lissafin Yahudu da na Nasara, sannan ya ce mu Musulmi ba mu yanke wani adadi sananne, kuma wanda ya jingina wa Annabi (SAW) dubu bakwai ko ƙasa ko sama, ya faɗi abin da bai inganta daga gare shi ba. Ibnul Ƙayyim ya ƙi wannan ruwaya da wata hujja mai ƙarfi: da a ce gaskiya ce, da kowa ya ƙirga ya san ranar tashin Ƙiyama, alhali Alƙur'ani ya ce saninta na wurin Allah Shi kaɗai. Yayanka kishin addini ne ya motsa shi, Allah Ya saka masa da niyyarsa. Amma abin da yake karewa ba daga addinin yake ba.

Wataƙila ya ce, ai Allah Ya halicci sammai da ƙasa cikin kwana shida. Haka ne, mun yi imani da wannan ba tare da kokwanto ba. Sai dai a lura da abu biyu. Kwana shidan nan tsawon lokacin yin halitta ne, ayar ba ta faɗi shekarun da suka shuɗe daga gama halittar zuwa yau ba. Sannan su kansu kwanakin, malaman tafsiri sun yi saɓani a kansu tun zamanin magabata. Ibnu Kasir ya kawo cewa wasu sun ɗauke su kamar kwanakinmu, wasu kuma, irin su Mujahid, sun ce kowane yini shekara dubu ne. Alƙur'ani da kansa ya ambaci yinin da yake kamar shekara 1,000 a Suratul Hajji, da wanda gwargwadonsa shekara 50,000 ne a Suratul Ma'arij. Kalmar da Allah Ya bar wa fili, ba mu da ikon mu ƙuntata ta sannan mu kafirta wanda ya ƙi bin ƙuntatawarmu.

Su kuma masu binciken ba mafarki suka yi ba. Laka da rairayi suna kwanciya a gindin ruwa hawa-hawa, na ƙasa ya riga na sama. A wasu wurare ana samun tokar aman wuta a tsakanin hawa da hawa, a cikinta akwai ma'adinan da ke rikiɗa a hankali bisa ma'auni sananne. Wani nau'in sinadarin potasiyam, misali, sai ya yi shekaru kimanin biliyan 1 da miliyan 250 kafin rabinsa ya rikiɗe. Ana auna abin da ya rage da abin da ya juye, a fitar da shekaru. Inda babu tokar, sai a duba 'yan mitsi-mitsin halittun teku da ke cikin dutsen, a gwada su da irinsu a wurin da aka riga aka auna. A harshen usulu, wato ilimin tushen fiƙihu, wannan zato ne mai rinjaye, irin wanda muke aiki da shi kullum a likitanci da lissafin alƙibla. Ana iya gyara adadin gobe, a ƙara miliyan ɗaya ko a rage biyu, shi ya sa ma suka ce tsakanin 46 da 44. Saboda haka ba wajibi ba ne a kanka ka ƙudurce adadin kamar rukunin imani, kuma ba laifi a kan 'yarka ta karanta shi, ta rubuta shi a jarrabawa, ta gaskata shi gwargwadon ƙarfin hujjarsa.

Ni abin da ke damuna a irin wannan gardama shi ne yadda muka manta cewa umarni aka ba mu. A Suratul Ankabut, aya ta 20, Allah Ya ce: "Ka ce, ku yi tafiya a cikin ƙasa, ku duba yadda Ya fara halitta." Yaya mutum zai duba farkon halitta ta hanyar tafiya a ƙasa in ba Allah Ya ajiye alamunta a cikin ƙasar ba? Magabatanmu sun fahimci haka. Kusan shekaru 1,000 da suka wuce, Albiruni ya duba duwatsu da ƙasar kwarin Indiya ya ce wurin nan teku ne a da, kogi ya cike shi a hankali. Ibnu Sina ya yi bayanin yadda jikin dabba da tsiro ke komawa dutse. Ko a ƙasar Hausa, a yankin Sakkwato, an tono ƙasusuwan wata dabbar teku da aka sa wa suna daga garin Goronyo, wurin da yau ba ka ganin teku sai ka yi doguwar tafiya. Sahabbai kuwa, lokacin da teku ta jefo musu anbar a rundunar Abu Ubaida, su 300 suna fama da yunwa, ba ci kaɗai suka yi ba. Jabir ya ba da labari cewa Abu Ubaida ya sa aka kafa haƙarƙarinta, mahayi ya bi ta ƙarƙashi a kan raƙumi bai taɓa shi ba. Auna ƙashi ne wannan, da ma'aunin da suke da shi a ranar.

Akwai wurin da nake so ka zauna da yarinyar ku yi magana a natse, domin nan ne iyaka take. Malamanta za su ce waɗannan dabbobi masu ƙafafu sun fito daga dabbobin tudu, zuriyarsu ta koma ruwa, ƙafafun suka yi ta ƙanƙancewa har aka samu anbar na yau. Game da dabbobi, nassi bai faɗa mana dalla-dalla yadda Allah Ya fitar da kowane jinsi ba. Ya ce Ya halicci kowace dabba daga ruwa, akwai mai tafiya a kan cikinsa, da mai ƙafa biyu, da mai huɗu, Yana halittar abin da Ya so. Ko Ya yi su kai tsaye, ko Ya fitar da wani daga wani ta sababan da Ya tsara, duk halittarsa ce, kamar yadda Ya fitar da ni da kai ta hanyar iyaye amma Shi ne Mahaliccinmu. Akwai malamai na wannan zamani da suka ƙi wannan bayani gaba ɗaya, ina girmama su, amma abin da na rinjayar shi ne a bar mas'alar dabbobi ga hujjar bincike, tunda wahayi bai yanke ta ba. Abu biyu ne ba a taɓawa. Wanda ya ce halitta ita ta yi kanta, babu Mai tsarawa, ya fita daga imani, kuma ba ƙashi ne ya gaya masa haka ba, ra'ayinsa ne ya ɗora a kan ƙashin. Na biyu Annabi Adam (AS). Nassi ya bayyana cewa Allah Ya halicce shi daga turɓaya, ba uwa ba uba, har Ya buga misalin Annabi Isa (AS) da shi a Ali Imrana, aya ta 59. Haƙorin Kpogame bai ce komai a kan Adam ba. Idan 'yarka ta riƙe waɗannan biyu, ta yi ta haƙa dutse har ta zama farfesa, muna yi mata addu'a. Zangonmu na buƙatar irinta, a ƙasar da haƙar zinariya ta ɓata koguna irin su Pra da Offin, kuma masu sanin ƙasa ne za su faɗi inda za a haƙa rijiya a sha ruwa lafiya.

Ka kuma gaya wa yayanka, da girmamawar da ƙane ke yi wa wansa, ya janye kalmar kafirci. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa idan mutum ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, kalmar sai ta koma kan ɗayansu. Na ga yaran da aka ture da irin wannan magana. An ce musu su zaɓi tsakanin abin da suka gani da idonsu da addinin iyayensu, alhali ba a taɓa tilasta musu wannan zaɓi a Alƙur'ani ba, wasunsu kuwa suka daina zuwa da tambaya gida, kuma wannan ya fi ba ni tsoro fiye da kowane littafin jami'a.

Batun sallarka. Gaskiya ne a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai ƙashin mushe najasa ne, kuma na san shi ya sa ka damu. Amma wannan haƙori ya kuɓuta ta ƙofa biyu. Daga tsohon gindin teku aka tono shi, ko na kifi ne ko na dangin anbar, kuma Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Annabi (SAW) ya ce game da teku, ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Mushen dabbar ruwa tsarkakakke ne, ƙashinsa ma haka. Ƙofa ta biyu ita ce rikiɗa. Abin da ya daɗe haka a ƙasa, nama da ɓargo sun tafi, ma'adinai sun shige shi, ya zama dutse. Shehu Halilu a Muhtasar ya lissafa giyar da ta daskare ta zama dutse ko ta koma khal, wato ruwan tsami, a cikin abubuwa masu tsarki. In giya ta tsarkaka da haka, ƙashin da ya koma dutse ya fi cancanta, ko da na dabbar tudu ne. Hanafiyya da Ibnu Taimiyya ma tun asali ba su ɗauki busasshen ƙashi najasa ba. Sallolinka sun inganta.

Ka ajiye shi in kana so, amma kada a rataya shi a mota don tsari, kada a jiƙa a sha, domin ba ya amfanarwa ba ya cutarwa. Ba rikazi ba ne, babu humusi a kansa, rikazi dukiyar da mutanen jahiliyya suka binne ce. Idan wani ya zo da sidi ko dala ya ce ka riƙa ɗauko masa irinsu ta boda, kada ka shiga. Wurin haƙar yana da masu shi, ƙasashe suna da dokokin fitar da kayan tarihi, kuma ƙashin da aka raba da hawan dutsen da ya fito ba tare da an rubuta wurin ba ya rasa mafi yawan abin da zai koyar. Da shawarata za ka bi, ka ba yarinyar ta kai wa malamanta su duba, ka gaya musu inda fasinjan ya ce an samo shi.

Wallahu a'alam.