Zan iya kai jaririya bakin teku da wannan iskar?

TAMBAYA: Salam Anti, ni 'yar Kano ce aure ya kawo ni Nima nan Akra. Maigida ya ce ran Asabar za mu Cape Coast barkan haihuwa gidan abokinsa, daga nan su kai mu bakin teku mu sha iska. To Hajiyarsa ta ce sam kar a kai yarinya wai iskar teku ba ta zuwa ita kaɗai, akwai mutanen ɓoye a ciki, ga 'yata watanta takwas. Ni dai ina son zuwa wallahi amma gabana sai faɗuwa yake. Kuma za a iya zuwa a dawo a yini ɗaya?

AMSA: Wa alaikumussalam ƙanwata, Allah ya raya mana ɗiya. Zuwa da dawowa a yini ɗaya mai yiwuwa ne, tafiyar wajen kilomita 150 ce, awa uku haka in hanya ta yi kyau, amma fa sai kun yi sammako ana idar da asuba, don in rana ta ɗaga kuka faɗa go-silo ɗin Kasoa to sai dai haƙuri. Af, sunan garin ma namu ne, kasuwa ce bakin mutane ya mayar Kasoa. Daga nan sai mahaɗar Winneba, sai Mankessim, kafin ku shiga Cape Coast za ki ga mata a Yamoransa sun jera dokunun Fante, wato tuwon masarar da ake naɗewa a ganye, a bakin titi, ki saya wa Hajiya tsaraba ko ta huce.

Maganar iska kuwa, kar ki tsaya musu da surukarki, ki tofe 'yarki da addu'a kamar yadda kika saba duk inda za ku. Amma ita iskar sananniya ce, rana ke gasa ƙasa fiye da ruwa sai iskar kan tudu ta yi zafi ta tashi sama, mai sanyi ta taso daga teku ta cike gurbinta, shi ya sa da hantsi za ki ji wurin lafiya lau amma daga azahar zuwa la'asar sai ta fara kaɗawa kamar za ta tafi da mutum. Don haka in da hali ku fara zuwa bakin ruwan, barka ta biyo baya, ai mai jego ba inda za ta.

Abin da nake ji wa yarinyar rairayi ne da rana. Iskar tana kwaso yashi ta watsa a ido, kuma sanyinta yana ruɗin mutum ki ɗauka ba rana alhali tana cin fatar jaririya. Ki sa mata hula da riga mai dogon hannu, ki goya ta ki juya yadda jikinki zai tare mata iskar, ku zauna a inuwa, ki yawaita ba ta nono. Awa ɗaya ta isa. Ke kuma ki sa hijabi mai ɗan nauyi, ni gyale na yafa zuwana na farko, ina ji ina gani ya bar kaina sai wani yaro ne ya tsinto min shi jiƙe sharkaf, har yau ƙawayena ba su daina min dariya ba.

Inda zan ɗaure fuska shi ne ruwan kansa. Tekun Atlantika ba dam ɗin Tiga na Kano ba ne, igiyar in ta daki gaɓa tana komawa da ƙarfi ta zare yashin ƙarƙashin ƙafarki, mutum yana tsaye ruwa iya gwiwa sai ya ji an ja shi. Kar ki matsa da goyo don ɗaukar hoto, maigida ma ki ja masa kunne, maza in sun haɗu da abokai sai a hankali.

In lokaci ya ragu ku leƙa Elmina, ba nisa, ku ga jiragen masunta da ganuwar da Turawan Fotugal suka gina a 1482. Ɗakunan da aka tsare bayi a ciki duhu ne da zafi ba iska, ku shiga bi da bi, ɗaya ya riƙe yarinya a waje. Ku kamo hanya kafin la'asar sakaliya, tuƙin dare a wannan titin ba na so.