Ku Tambaya: 'Ya'yanmu suna aji 4 amma ba su iya karatu ba

Tambaya: Assalamu alaikum. A unguwarmu akwai yara da dama 'yan aji 4 da 5 da ko sunansu ba sa iya karantawa. Mu iyaye ta ina za mu fara? — Wata uwa daga Gusau

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ku fara da gwaji, ba sayen littattafai ba. A zaunar da kowane yaro shi kaɗai, a nuna masa haruffa, sai kalmomi, sai gajeren sakin layi, sai labari. Inda ya tsaya nan ne matakinsa.

Sannan a raba su rukuni-rukuni bisa matakin, ko da ɗan aji 5 zai zauna da ɗan aji 2. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta fito da wannan tsari. Awa ɗaya kullum bayan la'asar ta isa, yara kada su wuce 20 ga mai koyarwa ɗaya. A yi da Hausa: ba, bi, bu, a haɗa gaɓoɓi su zama "baba", "buta". Kada a manta da ɓ, ɗ da ƙ. Bayan wata guda a sake gwaji, wanda ya ci gaba a ɗaga shi.

Abin da ke ɓata aikin shi ne bitar baki ɗaya, yaro ya haddace allon bai gane harafi ba. Na biyu, masu koyarwa na sa kai su gaji su watse. Don haka ku sa kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, ya tanadi ɗan alawus da alli tun farko.