Tambayi Likita: Ciwon a ƙafa yake, me ya tsayar da ƙodar mahaifina?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina mai ciwon suga ne. Ƙusa ta soke shi a ƙafa, wurin ya ruɓe, bayan 'yan kwanaki ya fara zazzaɓi da sambatu. A asibiti aka ce sefsis ne, aka sa masa ƙarin ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, amma ƙodarsa ta tsaya har sai da aka yi masa wankin ƙoda. An ce mana garkuwar jikinsa ce take yi masa ɓarna. Yaya garkuwa za ta cutar da mai ita, kuma babu maganin da zai tsayar da ita?
Daga wata mai karatu a Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah Ya ba Baba lafiya. Abin da aka gaya muku gaskiya ne. Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, ƙwayoyin garkuwa suna sakin wasu furotin da ke kiran 'yan'uwansu zuwa wurin, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suke fara fitowa shi ne TNF. A bakin rauni aikinsa alheri ne, domin yana buɗe ƙananan hanyoyin jini, fararen ƙwayoyin jini su samu shiga, abin da muke gani a matsayin kumburi da ja da zafi. Matsala tana tasowa ne idan ya cika jini gaba ɗaya, saboda abin da ya dace ya faru a ƙafa kaɗai sai ya faru ko'ina a lokaci guda: hanyoyin jini su saki, ruwa ya riƙa tsatsafowa daga cikinsu, awon jini ya faɗi, ƙananan gudajin jini su toshe wasu hanyoyin. Irin wannan ɓarna da garkuwa ke yi wa sassan jiki yayin yaƙar ƙwayar cuta ita ake kira sefsis. Ƙoda tana cikin sassan da ba sa jure ƙarancin jini, shi ya sa ta Baba ta tsaya duk da nisanta da ƙafar.

Batun magani kuwa, an gwada. A 1987 Kevin Tracey da abokan aikinsa a New York ta Amurka sun nuna cewa gwaggon birin da aka ba maganin toshe TNF kafin a sa masa ƙwayar cuta mai kisa yana tsira. Da aka gwada irinsa a kan dubban marasa lafiya a shekarun 1990, amfanin bai taka kara ya karya ba. Babban dalili shi ne lokaci: TNF yana kai ƙololuwa cikin sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu sannan ya sauka, don haka kafin mara lafiya ya iso asibiti ya riga ya tayar da wasu furotin, irin su IL-6, waɗanda suke ci gaba da ɓarnar. Magungunan dai ba su tafi a banza ba, da su ake kula da wani nau'in amosanin gaɓɓai a yau.

Abin da yake damuna shi ne jinkirin da muke yi a gida. A 2017 sefsis ya kashe kimanin mutum miliyan 11 a duniya, kuma ƙasashen Afirka kudu da Sahara suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Ƙodar da sefsis ya tsayar sau da yawa tana farfaɗowa cikin makonni, saboda haka ku ci gaba da kai Baba gwajin ƙoda bayan sallama, ku riƙa duba ƙafafunsa kullum. Idan kuka ga zazzaɓi tare da ruɗewa, saurin numfashi ko raguwar fitsari, ku mayar da shi asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne.