Riyal 700 da jarrabawar Ƙiyas: kar ki kai su daura

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki: kin gama jami'ar Ummul Ƙura ta Makka a fannin gudanarwa, kina neman wazifar gwamnati, wato aikin gwamnati, an ce sai kin zauna jarrabawar Ƙudura Ma'arifiyya ta Ƙiyas, cibiyar jarrabawa ta Saudiyya, abin da ke hannunki kuma riyal 700 ne da kika tara a aikin mausim, wato lokacin alhazai, ga wata mai daura, wato kwas ɗin shirin jarrabawa, tana neman 500. Ki biya ko kar ki biya? Ni dai shawarata kar ki biya. Na yi jarrabawar, na kuma zauna da ƙannena da 'ya'yan maƙwabta da dama suna shirinta, ban ga abin da daura ta ƙara wa mai biya wanda mai naci bai samu kyauta ba.

Dalili shi ne irin jarrabawar. Cibiyar Ƙiyas ba ta tambayarki abin da kika karanta a jami'a, babu tarihin gudanarwa, babu dokokin aiki. Abu huɗu take aunawa: fahimtar harshe, lissafi, iya fitar da hukunci daga bayani, da kuma gane siffofi idan an juya su ko an naɗe su. Babu wanda ake haddacewa a cikinsu. Mai daura za ta nuna miki irin tambayoyin cikin mako guda, abin da kuma yake a shafin hukumar da YouTube ba ko halala. Sauran aikin, wato saurin hannu da na ƙwaƙwalwa, ko dubu biyar kika biya ke za ki yi shi da kanki a ɗaki.

Kafin ki buɗe kowane littafi, ki samu cikakken gwaji guda, ki kunna agogon jawwal, wato wayarki, ki amsa shi ba tare da kin tashi ba. Sakamakon ba zai yi miki daɗi ba, kar ki damu. Abin nema shi ne ki san inda kike zubar da maki. Yawancin waɗanda suka fito daga sashen adabi da gudanarwa a lissafi suke faɗuwa, kuma ba don lissafin na da wuya ba, na mutawassiɗa ne, wato ƙaramar sakandare: kaso cikin ɗari, nisba, matsakaici, jerin lambobi. Matsalar ba a shiga da na'urar lissafi, mu kuwa mun saba ko kuɗin tamis sai mun latsa waya.

Ga misali. An ce abaya riyal 240 ce, an yi rangwamen kashi 15 cikin ɗari, nawa za a biya? Mai ninka 240 da 15 a takarda ta cinye minti guda. Ke kuwa ki ce kashi 10 shi ne 24, rabinsa 12, jimla 36, saura 204. An gama kafin ta rubuta layin farko. Ko a ba ki 3, 6, 11, 18, a ce me ke biye. Kar ki tsaya kallon lambobin, dubi tazarar da ke tsakaninsu: 3, 5, 7, ta gaba 9, amsa 27. Irin wannan sai an mai da shi ɗabi'a. Duk kantin da kika shiga ki riga mai kanti lissafi, ki kuma dawo da jadawalin ninkawa kanki har zuwa 15. Kunya ba ta ciki, na ga masu digiri na biyu suna bitar bakwai sau takwas.

Sashen fitar da hukunci shi ne mai tarko, domin yana kama masu wayo. Za a ce duk injiniyoyin kamfanin ma'aikata ne, wasu ma'aikatan kuma suna dawam, wato aiki, da dare, shin wasu injiniyoyin suna dawam da dare? Zuciya za ta ce e, ai mun san injiniyoyi na kwana a wurin aiki. To ba a tambaye ki abin da kika sani ba. Abin da aka rubuta bai tabbatar da haka ba, don haka ba ya zama dole. Ki riƙa zana da'ira a cikin da'ira, kina ajiye kowane rukuni a gidansa, sai ki ga amsar ta fito da kanta.

Na siffofi kuma hannu ke koyar da shi, ba bidiyo ba. Ɗauki kwalin shayi da ya ƙare, ki warware shi ya kwanta, ki sa alama a kowace fuska da biro, ki yi hasashen wace fuska za ta kalli wace idan an haɗa, sannan ki haɗa ki gani. Ki naɗe takarda gida huɗu, ki huda ta da allura, ki faɗi inda hudojin za su fito kafin ki buɗe. Mako biyu kina wannan wasa da yaran gida, idonki zai fara juya siffa da kansa. Harshe ba zan daɗe a kansa ba, tunda da Larabci kika yi karatu. Sai dai Larabcin titi na Shara Mansur daban, fusha, wato Larabcin littafi, daban. Ki karanta maƙala guda kullum a jaridar Ukaz ko ta Riyad, ki rufe, ki faɗi manufarta a jimla ɗaya.

Za a turo miki tajmi'at, wato tarin tsofaffin tambayoyi, a Telegram, har da masu rantsuwa cewa tambayoyin jiya ne. Ki karɓi na kyauta ki yi atisaye da su, amma ki warware kowace da kanki, domin amsoshin da ke jikinsu da yawa kuskure ne, wani ya kwafa daga wani. Wanda ya ce ki tura kuɗi ya ba ki tambayoyin da za su fito, ɓarawo ne, ki toshe shi kawai.

Wani zai ce me ya sa ake wannan wahala a kan jarrabawa guda. A lissafin mufadala, wato tantance masu neman aiki, da muka sani zamanin Jadara, tsohon shafin neman aikin gwamnati, na guraben gudanarwa, mu'addal, wato sakamakon digiri, na da kashi 40, daɗewar kammala karatu 20, wannan jarrabawa 40. Mu'addal ya riga ya bushe a jikin shahada, wato takardar digiri, shekaru kuma ba ki da ikon gaggauta su. Jarrabawar kaɗai ce ta rage a hannunki. Tsarin ya sauya fuska tun da aka haɗe ma'aikatar Khidma Madaniyya da ta ƙwadago a 2020, yanzu kuma ta shafin Jadarat ake nema, don haka kowace sanarwa ki karanta sharuɗɗanta daga farko har ƙarshe, kar ki dogara da abin da aka faɗa a gidan biki.

Sai batun kuɗi. Kin ce gidanku na karɓar daman, wato tallafin gwamnati ga mabuƙata, tun rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa da rahama. Akwai yafiyar kuɗin jarrabawar Ƙiyas ga masu daman, ki duba asusunki ko ta hau kanki kafin ki biya ta Sadad, tsarin biyan kuɗi ta banki. Asusun Hadaf na gwamnati kuma yana da tallafin masu neman aiki na wata 15, yana farawa da riyal 2000 a wata yana raguwa har zuwa 750, kuma sabbin kammalawa irinki aka fi nufi da shi, jinkiri na iya fitar da ke daga sharaɗi. Akwai Tamhir, horo a wurin aiki da riyal 3000 a wata ga mai digiri, akwai Durub mai kwasa-kwasai kyauta da shahada. Abin haushi, 'ya'yanmu da yawa masu jinsiyya, wato zama 'yan ƙasa, ba sa neman waɗannan, sai su ce ai sai da wasɗa, wato uwa a gindin murhu. Ba a nema da wasɗa, da Nafaz, manhajar shaidar kai ta gwamnati, ake shiga. Waɗanda ke kan igama, wato takardar zaman baƙi, kuwa, kar su kashe kuɗinsu a nan, waɗannan guraben na 'yan ƙasa ne.

Saboda haka 700 ɗin nan ki kasa su haka: kuɗin zama biyu idan yafiyar ba ta same ki ba, domin zaman farko yakan tafi a tsoro da rashin sabo da kwamfuta, intanet na wata biyu, ɗan abin buga takardu, ragowar na mota. Bas ɗin Makka riyal 4 ne, amma ranar jarrabawa ki ɗauki mota tun da wuri. Ki yi rajista yanzu, ki sa ranar nan da wata biyu, kuma kar ta faɗo cikin Ramadan ko mausim, lokacin da gida ke cike da baƙi daga Kano da Damagaram, kina tsakanin tukunya da faranti. Karatun awa ɗaya da rabi bayan asuba, kafin yara su tashi, ta fi awa huɗu na dare.

A zauren jarrabawa, hawiyyarki ta asali, wato katin shaidarki, za ki riƙe. Tambayar da ta cije ki zaɓi amsa ki wuce, ba a rage maki don kuskure, kuma sashen da lokacinsa ya ƙare ba a komawa cikinsa. Ki fara yin wancan gwaji na farko a makon nan, ki rubuto mana makin kowane sashe daban, in lissafi ne ina da fayilolin da ƙanwata ta yi amfani da su, sai in ajiye miki a nan.