Amsa ga mai tambaya: Gore ko Zanzibar?

Wa alaikumus salam. Malam, ka ce kana son tsibirin da za ka ga tarihin mulkin mallaka, yara kuma su samu wasan ruwa, kana waswasi tsakanin Gore ta Senegal da Zanzibar ta Tanzaniya. Ni dai Zanzibar zan ce maka. Gore ta fi sauƙin zuwa tunda ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, amma wuni guda ka gama zagaye ta, wurin wankanta kuma ɗan ƙarami ne.

Ka fara da tsohon gari, Stone Town, kuma ka ɗauki ɗan jagora, don lungunansa sun fi na cikin birnin Zariya ruɗarwa. Larabawan Oman ne suka kori Turawan Fotugal a 1698, daga baya Sarkin Oman da kansa ya dawo da fadarsa nan. Arzikinsu hauren giwa ne da bayi da kanumfari, wannan dai da ake sa mana a kunu, kuma bayin ne ke noma shi. An rufe kasuwar bayi a 1873, aka gina coci a gurbinta. Akwai ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi. Ni ban ga amfanin shiga da ƙananan yara ba.

A 1890 Ingila ta karɓe iko, ta bar Sarki a kan gadonsa tana juya shi. Bazazzagi ba sai an yi masa dogon bayani a kan wannan salo ba. Da Khalid bin Barghash ya hau mulki a 1896 ba da yardarsu ba, jiragen ruwansu suka yi wa fadar luguden wuta, yaƙin bai wuce minti 45 ba. Juyin juya halin 1964 kuwa, wanda ya kawar da sarautar, kada ka tono zancensa da kowa, har yanzu akwai gidajen da abin ke yi wa ciwo.

Batun ruwa, a nan mutanenmu ke asarar kuɗi. A gabashin tsibirin, wajen Paje, teku kan janye ya yi nisa na sa'o'i, ga iska, wurin ya fi dacewa da masu sulu a kan allo da lema. Mai iyali ya nufi arewa, Nungwi ko Kendwa, inda ake wanka kusan kowane lokaci. Daga can ake shiga kwalekwale zuwa kusa da tsibirin Mnemba a leƙa kifaye da tabarau na ruwa. Don Allah kowa ya sa rigar ceto, har kai. Iyon da aka koya a kogin Kubanni na Zariya ba ya aiki a teku.

Yawancin mutanen Musulmi ne, abinci da masallaci ba matsala, Hajiya ma za ta shiga ruwa da suturarta ba mai kallonta. Ka kauce wa Maris zuwa Mayu saboda ruwan sama. Bizar Tanzaniya kuma ka nema tun kana gida, da wuri, ka haɗa da katin rigakafin shawara.