Tambaya da Amsa: An Ba Ni Shugabancin Sashen Ɗaukar Hoto, Ta Ina Zan Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikacin ɗaukar hoton eksire ne a wani asibiti a jihar Gombe, kuma kwanan nan aka ɗora mini shugabancin sashenmu. Cikin waɗanda ke ƙarƙashina akwai dattijon da ya koya mini aikin da hannunsa. Ba ya saka bajon auna radiyeshon, yana cewa ya daɗe a aikin bai ga abin da ya same shi ba, kuma madarar da yake sha ta ishe shi kariya. Matasan kuwa, tun da aka kawo mana na'ura mai nuna hoto a kwamfuta, suna maimaita hoto su goge na farko ba wanda ya sani. Ina jin nauyin yi wa babba magana, ina kuma gudun a ce na sami muƙami na fara ɗaga kai. Ta ina zan fara?

Daga mai karatu a Gombe

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya taya ka riƙo. Jin nauyin wanda ya koya maka sana'a tarbiyya ce, kuma ba zan ce ka yar da ita ba. Sai dai ina so ka fara gane cewa ƙa'idojin da kake son a bi ba kai ka ƙirƙiro su ba. Hukumar da ke sa ido kan amfani da makamashin nukiliya da radiyeshon a Najeriya, wato NNRA, wadda dokar 1995 ta kafa kuma ta soma aiki a 2001, ita ke ba asibiti izinin amfani da na'urar eksire. Hukumar RRBN kuma, wadda aka kafa a 1987, ita ke yi wa masu ɗaukar hoto rajista. Saboda haka aikinka na farko shi ne ka tabbatar duk wanda ke danna maɓallin na'ura a sashenka yana da rajista da lasisin da bai ƙare ba. Karatun nan shekara 5 ne a jami'a, kamar yadda ake yi a Maiduguri da Bayero ta Kano da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, sannan a ƙara shekarar sanin makamar aiki. Bai halatta a miƙa na'urar ga mai goge ɗaki ko ɗan aike don ya daɗe yana kallo ba.

Hujjar dattijon naka ita ce wadda aka fi ji daga bakin tsofaffin ma'aikata, kuma tana da wuyar rushewa domin hasken eksire ba a ganinsa, ba ya wari, ba ya zafi. Illar da ake gudu daga ɗan abin da ke taruwa a hankali, musamman ƙaruwar haɗarin cutar daji da yanar ido, kan ɗauki shekaru kafin ta bayyana, kuma ba kowa take samu ba. Don haka lafiyar mutum ɗaya ba ta zama shaida a kan lafiyar ɗakin ba. Ma'aunin da duniya ta amince da shi ga ma'aikaci shi ne kada ya wuce milisibat 20 (milisibat shi ne awon radiyeshon da jiki ya samu) a shekara idan aka ɗauki matsakaicin shekaru 5, kuma kada ya haura 50 a shekara guda, yayin da iyakar sauran jama'a take milisibat 1. A ɗakin da aka gina yadda ya kamata, wanda ke tsayawa bayan shingen dalma yana samun ƙasa da wannan nesa ba kusa ba. To amma da me za a san cewa shingen bai tsage ba, ko ƙofar tana rufuwa sosai? Amfanin bajon ke nan. Shi ba ya tare komai, shaida kawai yake bayarwa, kuma shaidar tasa ta shafi kowa da ke aiki a wurin.

Ana maƙala shi a ƙirji, a ƙarƙashin rigar dalma idan an saka ta, ba a aron na wani, ba a barinsa rataye a ɗakin na'ura, ba a kuma barinsa a mota cikin zafin rana. Nan akwai wani haƙƙi da ke wuyanka kai kanka: ka matsa wa hukumar asibiti a riƙa aika bajojin wurin karantawa a kan lokaci, kuma idan sakamako ya dawo ka nuna wa kowa nasa. A ganina, babban abin da ke sa ma'aikata su raina bajo shi ne su saka shi wata da watanni ba su taɓa jin abin da ya nuna ba.

Batun madara kuwa, abinci ce mai gina jiki, amma ba ta hana haske shiga, ba ta kuma wanke shi, domin hasken eksire yana ratsawa ne a daidai lokacin da aka danna, ba ya zama a jiki balle a wanke. Kariya ta gaskiya tana cikin rage lokacin tsayuwa kusa da haske, da yin nesa da shi, da fakewa bayan dalma. Wanda ya ninka nisansa sau biyu, abin da ke isa gare shi yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Rigar dalmar ma rataye ta ake yi, domin naɗewa yana tsaga ta daga ciki inda ido ba ya gani.

Yadda za ka tunkari dattijon shi ne ka je ka same shi, kada ka aika a kira maka shi ofis, kuma kada ka yi maganar a gaban yara. Ka gaishe shi kamar yadda ka saba, da naka bajon a ƙirjinka, ka ce masa: "Baba, yaran nan kai suke kallo, kuma ni ba zan iya gyara su ba sai da kai." Wannan ba daɗin baki ba ne, domin yawancin hotunan da ake maimaitawa daga kuskuren daidaita majinyaci suke fitowa, kuma wanda ya yi aiki a zamanin fim ya fi kowa sanin wannan fanni. Ka damƙa masa horar da matasan. Idan bayan duk wannan ya ƙi, to ka sanar da shi da bakinka cewa dole ka rubuta, sannan ka rubuta. Dokar da aka ɗage wa mutum ɗaya saboda girmansa ba za ta ƙara kama kowa a sashen ba.

Matsalar matasan ta fi damuna, domin majinyaci ne ke ɗaukar nauyinta bai sani ba. A da, fim ɗin da ya lalace ana ganinsa a kwando, ana ƙirga shi, kuma idan haske ya yi yawa sai hoton ya fito baƙi ƙirin, ma'aikaci ya gane kuskurensa nan take. Na'urar zamani tana gyara hoton da kanta: wanda aka zuba wa haske fiye da ƙima yana fitowa tsaf, wanda aka rage wa kuma yana fitowa da dishi-dishi. Ta haka hannun ma'aikaci ke ta ƙara haske kaɗan-kaɗan don gudun ƙorafin likita. Maganin wannan shi ne rubutu. Ka hana goge hoto, ka buɗe littafin da za a riƙa shigar da kowane hoton da aka maimaita tare da dalilinsa, ko motsin majinyaci ne, ko kuskuren daidaitawa, ko sarƙa da fil ɗin da aka manta a jiki. Duk ƙarshen wata ku zauna ku duba shi tare, kuma kada ka mai da shi hanyar hukunci, domin ranar da ka ci mutuncin wani a kansa, daga ranar za a daina rubuta gaskiya. Ka liƙa jadawalin ma'aunin haske a bango, da na yara dabam, ka koya musu duba lambar yawan haske da na'urar ke nunawa bayan kowane hoto, kuma ka nace a taƙaita hasken ga wurin da ake nema tun kafin a danna, maimakon a yanke gefen hoto a kwamfuta daga baya.

Yana da kyau su san girman abin da ke hannunsu. Hoton ƙirji bai wuce kusan milisibat 0.1 ba, amma hoton ciki a na'urar CT, mai ɗaukar hoton jiki yanki-yanki da hasken eksire, yana iya kai wa kusan 10, alhali matsakaicin abin da ɗan Adam ke samu daga ƙasa da sararin sama a shekara kusan 2.4 ne. Shi ya sa ma'aikacinka yake da damar komawa wurin likita ya nemi bayani idan takarda ta zo ba dalili a rubuce, kuma wajibi ne ka tsaya masa idan ya yi hakan.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma ba zan tsallake shi ba. A ƙasarmu sunaye suna maimaituwa, a benci ɗaya za ka iya samun Muhammad Abubakar biyu, don haka a haɗa suna da lambar kati kafin a shigar da mutum, a kuma sa alamar hagu ko dama a lokacin ɗaukar hoton. Sai batun mata. Kafin a ɗauki hoton ciki ko ƙugu dole a tambayi mace ko tana da juna biyu, kuma ka san cewa yarinya mai cikin fari ba za ta amsa wannan a gaban surukarta ba. A keɓe ta, mace ta tambaye ta in da hali, cikin harshen da take ji, ko Fulatanci ne ko Tangale ko Tera, a ce mata: "Yaushe kika ga al'adarki ta ƙarshe?" Ma'aikaciyarka ma idan ta sami ciki, ka sauƙaƙa mata ta faɗa maka da wuri, ka janye ta daga ɗakin tiyata da na'urar da ake turawa ɗakunan kwanciya, domin abin da zai isa ga ɗan tayin bai kamata ya wuce milisibat 1 ba har ta haihu. Jadawalin aikin dare kuma ka raba shi da adalci, ka sa sunanka a ciki.

Tambaya: Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce a Bauchi. Shugaban sashen hoto ya hana mu shiga ɗakin MRI da gadon turawa da tukunyar iskar oksijin, ko da ba a ɗaukar hoton kowa. Wannan ba wuce gona da iri ba ne?

Daga mai karatu a Bauchi

Amsa: Malama, gaskiyarsa ce. Na'urar MRI ba ta amfani da hasken eksire, da maganaɗisu take aiki, kuma a yawancin na'urorin maganaɗisun yana nan da ƙarfinsa dare da rana, ko da an ɗauke wuta. Mai ƙarfin tesla 1.5 (tesla shi ne awon ƙarfin maganaɗisu) ya ninka maganaɗisun doron ƙasa kusan sau 30,000, yana iya fizgo tukunyar ƙarfe daga hannun mai riƙe da ita. A 2001, a jihar New York ta Amurka, tukunyar oksijin ta bugi wani yaro ɗan shekara 6 ta wannan hanya yana kwance cikin na'urar, ya rasu bayan kwana biyu. Ki nemi sashen su ba ku gado da tukunyar da aka yi musamman don wannan ɗaki, ki ajiye almakashi da makullai da waya a waje, kuma ki sanar da su tun daga ɗakin kwanciya idan majinyacin yana da na'urar daidaita bugun zuciya, ko ɓurɓushin harsashi a jiki, ko kuma mai walda ne da ƙarfe ya taɓa faɗa masa a ido.