Likita ya ce in daina maimaita alwala ko ina kokwanto, ya halatta?

Tambaya: Malam ina fama da waswasi, alwala ɗaya sai ta ci min minti 40, wani lokacin har lokacin sallah ya fita. Likitan ƙwaƙwalwa ya ce OCD ne, wato cutar waswasi mai sa mutum ya yi ta maimaita abu, wai in yi sau ɗaya in tashi ko zuciyata na cewa ban wanke gwiwar hannu ba, kuma mamata ta daina amsa min in na tambaye ta. Wani ya ce min wannan wasa da ibada ne.

Amsa: Allah ya yaye miki 'yata. Neman magani halal ne, ba sai mun tsaya nan ba. Abin da na riƙe a maganarki shi ne kullum abin ke zuwa, to ke mustankiha ce, wato wadda kokwanto ke yawan zo mata, hukuncinki daban. A mazhabar Malik shakkar hadasi, wato kokwanton ko alwala ta karye, tana warware alwala amma banda mai irin halinki, shi an ce ya yi watsi da ita. Kin ga kenan abin da likita ya ɗora ki a kai, a fuskanci abin tsoron kaɗan kaɗan a ƙi maimaitawa har fargabar ta lafa da kanta, malaman fiƙihu sun riga shi faɗa. Da aka tambayi malamin fiƙihu Ibn Hajar al-Haitami maganin waswasi cewa ya yi a kau da kai daga gare shi gaba ɗaya.

Shi kuma mai cewa ki maimaita don ihtiyaɗi, ina ihtiyaɗin yake in sallah ta fita daga lokacinta? Wannan shawara mai lafiya ake ba, wanda ya yi kokwanto sau ɗaya a wata. Ke duk maimaitawa ciyar da cutar ne, za ki ji sanyi na minti biyu sannan ta dawo da ƙarfi, gobe sai wanki bakwai ya koma goma. Annabi SAW ya ce kar mutum ya bar sallah sai ya ji sauti ko wari, bai ce ya je ya duba ba. Kuma wanki ya wuce uku makaruhi ne, to da wa ake wasa da ibadar?

Amma najasar da kika gani da idonki ki wanke, wannan ba ya cikin atisayen, ki faɗa wa likitan.

Mama kuma ki yi haƙuri, na san da ciwo ki ga 'yarki a bakin famfo hannu ya yi fari ya tsage tana roƙonki ki ce mata "eh kin wanke". Kar ki faɗa, kar kuma ki yi mata tsawa, ki ce mun yi alkawari da likita, ki zauna kusa da ita har abin ya wuce. In an ba ta ƙwaya kar a yanke don an ga shiru, takan ɗauki sati 8 zuwa 12 kafin a ga aikinta sosai. Wallahu a'alam.